Saƙo ya ƙi isa daga kwamfuta zuwa kwamfuta: ga yadda nake bin sawunsa har in gano inda ya maƙale

Assalamu alaikum jama'a. Kusan kullum sai an kira ni kan matsala guda, masu shagon buga takardu, masu cibiyar jarrabawa ta kwamfuta, masu kemis da makarantun kuɗi nan cikin Sakkwato, maganar dai ɗaya ce: Injiniya kwamfutocinmu a haɗe suke amma wagga ba ta ganin waccan, ko an tura saƙo daga ofishin oga bai fito a allon kashiya ba, ko an tura aiki firinta ta yi shiru. Na gaji da maimaita bayani a waya, kati na ƙarewa mutum bai gane ba, shi ya sa na zauna na rubuta shi daki-daki.

Abu ɗaya nake roƙo tun farko, don Allah kar a yi ma kwamfuta fomat kuma kar a sayi sabon suwic, wato akwatin da kebul ɗin kwamfutoci ke haɗuwa a cikinsa, sai an san inda saƙon yake mutuwa. Saƙo hanya yake bi, daga kebul zuwa adireshi zuwa katangar tsaro wato firewall zuwa ƙofar manhaja, kai ma haka za ka bi shi, daga ƙasa zuwa sama, kuma abu ɗaya kake canzawa a lokaci guda ka gwada kafin ka taɓa na gaba. Bayanin na Windows 10 da 11 ne tunda su anka fi amfani da su a nan.

Kayan da za ka tanada

Kebul ɗaya gajere wanda ka tabbata lafiyarsa lau, testar kebul da batirinta mai bolt 9, filayar matse kan kebul, kawunan RJ45 kamar goma, biro da takarda. Kawunan su ne mafi araha a duk kayan netwok, ana sayar da su a fakiti mai 100 ko ɗaiɗai a shagunan kayan kwamfuta, testa kuma kuɗinta bai kai asarar yini ɗaya da shago ya yi a rufe ba. Sauran matakan daga na 2 zuwa na 7 ko kwabo ba za ka kashe ba in ban da batirin agogon kwamfuta in ya mutu, sauran abin da ake buƙata yana cikin Windows.

1. Fara da wuta da kebul

Zagaya bayan kwamfutar ka dubi inda kebul ya shiga, akwai ƙananan fitilu, ka dubi suwic ma ka ga ko fitilar ramin da kebul ɗin yake ciki tana kunne. In babu haske to ba ka da aiki da allo tukuna. Zare kebul ka mayar har ka ji ya yi ƙas, canza shi zuwa wani rami a suwic, in har yanzu shiru ka ɗauko kebul ɗinka mai lafiya ka gwada. Ƙurar hunturu tana cika ramukan nan sosai, busa su da bulawa, na sha gyara netwok da wannan kaɗai.

In ka sa testa, fitilu 8 za su riƙa kamawa bi da bi daga 1 zuwa 8 a ɓangarorin biyu. Wanda ya tsallake, wayar nan ta yanke ko kan bai matsu ba. Yanke kan ka sake matsa sabo, ka riƙe shi ƙugiyar tana kallon ƙasa, daga hagu zuwa dama: fari da ruwan goro, ruwan goro, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Wanga tsari shi ake kira T568B, ka yi shi iri ɗaya a kawunan biyu.

Gargaɗi: kebul ɗaya kar ya wuce mita 100 daga suwic zuwa kwamfuta, in nisa ya fi haka sa wani suwic a tsakiya. Kuma akwai kebul mai araha da ake rubuta ma CCA a kwalinsa, alminiyom ne anka shafa ma tagulla, saurin karyewa gare shi, balle in an bi da shi cikin silin ƙarƙashin kwano a zafinmu na Afrilu da Mayu da yake wuce digiri 40, ga kusu yana ci. Kwalin kebul cikakke mita 305 ne, in za ka saya ka nemi tagulla zalla ko da ya fi tsada.

Wani abu da ke kashe netwok gaba ɗaya, in ka ga duk fitilun suwic suna ƙyaftawa da sauri a tare kamar sun haukace kuma komai ya tsaya, nemi kebul ɗin da kawunansa biyu suke cikin suwic ɗaya. Yawanci mai shara ne ko yaron shago ya ga kai yana lilo ya soka shi da kyakkyawar niyya. Zare shi komai zai dawo nan take.

2. Karanta adireshin kowace kwamfuta

Danna maɓallin Windows da R tare, rubuta cmd ka danna Enter, baƙin allo zai buɗe. Rubuta ipconfig. Layi uku kake nema: IPv4 Address, Subnet Mask da Default Gateway. Rubuta su a takarda, ka je ɗaya kwamfutar ka yi haka. Kar ka dogara da ƙwaƙwalwa, lambobin suna kama da juna.

In Subnet Mask 255.255.255.0 ne, wanda shi ne na kusan duk ƙananan ofisoshi, to dole kashi uku na farkon adireshi su zama iri ɗaya a kwamfutocin biyu, na huɗu kaɗai zai bambanta. 192.168.0.11 da 192.168.0.12 unguwarsu ɗaya. 192.168.0.11 da 192.168.1.12 kuwa ba unguwarsu ɗaya ba ko da tebur ɗaya suke kai.

In ka ga adireshi ya fara da 169.254, ma'anarsa kwamfutar ta nemi rauta, wato akwatin da ke kawo intanet yana raba adireshi, ya ba ta lamba bai amsa ba sai ta ƙirƙira ma kanta. Wanga yana yawan faruwa in an ɗauke wuta an tada janareta, kwamfuta ta riga rauta tashi. Jira rauta ya gama tashi, ka rubuta ipconfig /release sannan ipconfig /renew. In ta sake dawowa 169.254 koma mataki na 1 ko ka dubi rautan, wataƙila an kashe masa rabon adireshi wato DHCP.

Nan zan daɗe kaɗan don nan ne mutane sunka fi asarar kuɗi. Wani Alhaji mai shagon buga takardu a Mabera ya kira ni bayan ya riga ya sayi sabon suwic an kuma yi ma kwamfutoci biyu fomat, ya ce Injiniya duk suna shiga intanet amma na ɗakin baya ba sa ganin firinta. Na ce Alhaji akwai wani akwati da anka ƙara kwanan nan? Ya ce eh, an sa wani rauta a baya don Wi-Fi ya kai. Shi ke nan. An soka kebul ɗin a raminsa na WAN, sai ya buɗe tasa unguwar yana rabon 192.168.1 alhali na gaba yana rabon 192.168.0. Intanet zai yi aiki lafiya, shi ya sa mutum ba ya zargin rautan, amma na gaba ba za su iya kai saƙo ga na baya ba, kuma neman juna da kwamfutoci ke yi da kansu ba ya tsallake rauta. Gyaran: shiga saitin rauta na biyu, in yana da Access Point Mode zaɓe shi, in babu ka kashe DHCP ɗinsa, ka ba shi adireshi a unguwar na farko wanda babu mai shi, ka cire kebul daga WAN ka mayar ramin LAN. Minti goma ne aikin, kuma na ji zafin takardun mutane da sunka tafi a fomat ɗin nan.

Haka in laftof tana kan kebul kuma tana kan hotsifot ɗin waya ko an kunna VPN, kashe su kafin ka ci gaba, saƙo na iya bin waccan hanyar.

3. Yi ping, amma ka san karatun amsar

Ping umarni ne na kiran wata na'ura a ji ko za ta amsa. A baƙin allon, bi wanga jeri kar ka tsallake:

ping 127.0.0.1, wannan kwamfutar ce take kiran kanta, in ya faɗi matsalar tana cikin Windows ɗin kanta.
Sai ping adireshin Default Gateway da ka rubuta, misali ping 192.168.0.1.
Sai ping adireshin ɗaya kwamfutar.
Sai ka tashi ka je can ka yi ping zuwa nan. Wanga na ƙarshe mutane ba sa yi, alhali shi ke nuna wace ce mai laifi.

Reply from tare da adireshin waccan da time ƙasa da 1ms ko ƴan kaɗan a kan kebul, hanya lafiya, wuce kai tsaye zuwa mataki na 5. Request timed out, an tura ba a samu amsa ba, sau da yawa katangar tsaro ce ta waccan kwamfutar. Destination host unreachable, ba a ma ga mai adireshin a netwok ba, ko a kashe take, ko ta yi barci, ko adireshinta ya canza. General failure kuwa matsalar tana gida, dubi katin netwok ko direbansa ko VPN.

Gargaɗi: in amsar Destination host unreachable ce, a ƙasa Windows na iya rubuta Lost = 0, mutum ya ga sifili ya ce ai ya tafi. Bai tafi ba, dubi layin da kyau za ka ga adireshinka ne ko na rauta yake amsawa ba na waccan ba.

In matsalar mai zuwa da dawowa ce, rubuta ping da adireshin ka ƙara -t a ƙarshe, zai yi ta bugawa ba tsayawa, kai kuma ka bi kebul kana motsa shi a hankali wani yana kallon allo, inda ya yanke nan ne ciwon. Ctrl da C ke tsayar da shi. In kuma kebul lafiya amma yana yankewa, zargi lamba ɗaya a na'ura biyu: kashe kwamfutar da kake nema gaba ɗaya ka sake ping, in har an amsa to wani ya ɗauki lambarta, galibi firinta ko na'urar kyamarori da anka sa ma adireshi da hannu.

4. Katangar tsaro da Wi-Fi mai raba mutane

In kwamfuta A tana samun B amma B ba ta samun A, kusan kullum katangar tsaron A ce. A ƙaramin ofis Windows tana raba netwok gida biyu, Public da Private, kuma in ta ɗauki netwok ɗin ofishinka a Public za ta rufe ƙofofi ta ƙi amsa ko ping. Shiga Settings, Network & Internet, buɗe Properties na haɗin da kake kai, mayar da shi Private. Sannan ka nemi Advanced sharing settings ka kunna Network discovery da File and printer sharing. A yi haka a kowace kwamfuta ba ɗaya kaɗai ba.

In har yanzu ping shiru, Windows da R, rubuta wf.msc, shiga Inbound Rules, nemi layin File and Printer Sharing mai Echo Request ICMPv4-In a jikinsa, na Private, ka danna Enable Rule.

Gargaɗi: na san abin da ake yi, a kashe katangar gaba ɗaya a ce an gyara. Kashe ta na minti biyu don gwaji ba laifi, in saƙo ya wuce ka san ita ce, sai ka kunna ta ka buɗe ƙofar da ake buƙata kaɗai. Barin ta a kashe a shagon da kowa ke soka filashinsa, wallahi ganganci ne. Kuma in akwai antibairos na daban, da yawansu suna da tasu katangar, ita ma sai an gaya mata netwok ɗin na gida ne.

Masu Wi-Fi ku dubi wani saiti a rauta ko MiFi mai suna AP Isolation ko Client Isolation, aikinsa ke nan ya hana na'urorin da ke kansa magana da juna, kowa intanet kaɗai yake gani. Kashe shi. Sunan Wi-Fi na baƙi, Guest, yawanci haka yake zuwa, kar a ɗora kwamfutar aiki a kansa.

5. Ping ya yi amma saƙo bai shiga ba: dubi ƙofa

Ping ya nuna gidan yana nan ne kawai, bai nuna an buɗe ƙofar da kake so ba. Kowace hidima tana da lambar ƙofarta, raba fayil da firinta na Windows 445 ne, firinta mai kebul ɗin netwok yawanci 9100, IP Messenger da wasu ofisoshi ke hira da shi 2425. Manhajar jarrabawa ko ta lissafin kemis kuma ka dubi saitinta ko ka tambayi wanda ya girka ta.

Buɗe PowerShell a kwamfutar mai turawa ka rubuta Test-NetConnection 192.168.0.12 -Port 445, ka sa adireshi da ƙofar da ta shafe ka. TcpTestSucceeded True, ƙofa a buɗe. In False ne je kwamfutar mai karɓa, a cmd rubuta netstat -ano ka nemi lambar ƙofar da LISTENING a gabanta. In babu ita, manhajar ce ba ta tashi ba, kunna ta. In tana nan da 0.0.0.0 a gabanta amma daga waje ba a samunta, katanga ce, ƙara mata sabuwar doka a Inbound Rules. In kuma 127.0.0.1 ne a gabanta to manhajar kanta kaɗai take saurara, sai an gyara a saitinta, ko ka rushe katanga duka ba za ta ji ba.

6. Lamba tana yi, suna ba ya yi

Rubuta hostname a waccan kwamfutar ka ga sunanta na gaskiya, ka dawo ka yi ping da sunan. In da lamba yana tafiya da suna kuma ya ce could not find host, rubuta ipconfig /flushdns ka sake gwadawa, ka tabbata Network discovery a kunne yake. Abin da na fi gani a cibiyoyin jarrabawa shi ne an sayo kwamfutoci ƴan gwanjo da yawa an kwafa musu Windows ɗaya, sai duk su tashi da suna ɗaya. Sake ma kowace suna, PC01, PC02 haka, ka liƙa takarda a jikinta.

Ni shawarata, saba wato babbar kwamfutar da sauran ke dogara da ita, da firinta, kar a bar su suna canza lamba duk sanda anka ɗauke wuta. Shiga rauta ka ɗaure musu lamba ta dindindin a wurin Address Reservation, ko ka sa da hannu amma a wajen jerin da rauta yake rabawa. Saƙonni da yawa da ake cewa sun ɓata, tsohon adireshi ake ta tura ma su.

Ka kalli agogon kwamfutar ma. Tsofaffin nan batirin cikinsu CR2032 ya mutu, kwanan wata ya koma shekarun baya, a netwok mai domen, wato wanda saba ke tantance masu shiga, bambancin da ya wuce minti 5 kan hana shiga. Batirin irin na agogo ne, ba tsada.

7. Masu tura saƙon allo da msg

Masu tambayata mi ya sa net send, tsohon umarnin tura saƙo zuwa allon wata kwamfuta, ba ya yi, an cire shi tun Windows Vista, wanda ya gaje shi shi ne msg, kuma babu shi a Windows Home sai Pro zuwa sama, ka duba naka a Settings, System, About. Ana rubuta shi haka:

msg * /server:PC02 /time:600 A zo ofis yanzu

Fara gwada msg * gwaji a kwamfutarka, in ya fito a allonka umarnin yana aiki. In zuwa waccan ya ba ka Error 1722, ba a kai gare ta ba ne, koma mataki na 4 da na 5. In Error 5 ne an kai amma an hana ka izini. A kwamfutar mai karɓa buɗe regedit ka bi HKEY_LOCAL_MACHINE, SYSTEM, CurrentControlSet, Control, Terminal Server, ka mayar da AllowRemoteRPC zuwa 1, ka sake kunna ta. A mai turawa kuma buɗe Credential Manager, Add a Windows credential, ka sa sunan waccan kwamfutar da sunan mai amfani da ita da kalmar sirrinsa.

Gargaɗi: regedit ba wurin wasa ba ne, layin nan kaɗai za ka taɓa. Kuma asusun da ba shi da kalmar sirri Windows ba ta yarda a shiga da shi ta netwok, dole a sa masa, wanga shi ke kama yawancin shagunanmu don ba a son sa fasuwod.

Dalilin da na sa /time:600 shi ne saƙon kan ɓace da kansa bayan kamar minti ɗaya in ba ka faɗi lokaci ba, mutum ya fita sallar azahar ya dawo ya rantse bai ga komai ba kuma gaskiyarsa. 600 daƙiƙa ne, minti 10 ke nan. Haka kwamfutar da ta yi barci ba ta karɓar komai, a Device Manager buɗe katin netwok, Power Management, cire alamar Allow the computer to turn off this device, ka ƙara mata lokacin barci a Settings.

8. In duk wannan bai yi ba

Ware su. Ɗauki kwamfutocin biyu ka haɗa su kai tsaye da kebul ɗinka mai lafiya ba suwic ba rauta, na zamani ba sa buƙatar kebul na musamman. Ba ɗaya 192.168.5.1 ɗaya 192.168.5.2 da hannu, mask 255.255.255.0, ka yi ping. Windows kan ɗauki irin wanga haɗi a Public, don haka ka kashe katanga na ɗan lokacin gwajin ka mayar. In ya tafi, kwamfutocin ba su da laifi, yanzu ne kake da hujjar zargin suwic, kuma ko shi fara canza adaftarsa ta wuta da wata mai bolt iri ɗaya, don ita hawa da saukar wuta ya fi kashewa. In bai tafi ba, ari katin netwok na USB ka soka ka gwada, yana da sauƙin kuɗi kan canza uwar allo wato motherboard. In ka gama ka tuna ka mayar da adireshin kan Automatic.

Wata tsohuwar firinta ko fotokwafi mai tura sikan zuwa folda takan ƙi Windows na yanzu saboda da tsohon tsarin raba fayil mai suna SMB1 take magana, wanda Windows ta daina kunnawa da kanta tun bugun 1709 na Windows 10, kuma ta ramin SMB1 ɗin nan WannaCry ta bi ta yi ɓarna a 2017. Za a ce maka kunna shi kawai. Ni ban yarda a kunna shi a kwamfutar da ke riƙe da bayanan mutane ba, duba ko na'urar tana iya tura sikan ta imel ko filashi, ko a sabunta mata manhajar cikinta.

In za ka kira mai gyara, turo masa hoton ipconfig na kwamfutocin biyu, hoton amsar ping daga kowane ɓangare, da hoton bayan rauta yadda kebul suke a soke. Da waɗanga ukun sau da yawa daga Arkilla nake gaya ma mutumin Kwannawa kebul ɗin da zai zare ba sai na hau mashin ba.